Nasiha ga Matasan Kontagora Masu Burin Tuƙin Jirgin Sama



Da wuya yau a shiga ajin sakandare a tambayi yara abin da suke so su zama, a rasa wanda zai ce matuƙin jirgin sama. Buri ne mai kyau, kuma bai fi ƙarfin ɗan Kontagora ba. Sana'a ce ta halal, mai daraja, wadda idan ta karɓi mutum takan riƙe shi ta riƙe danginsa. Ina so in ga yaranmu a cikinta. Saboda haka ne nake so ku san hanyar tun daga bakinta har ƙarshenta, domin sana'a ce da ake zuba mata dukiya mai yawa kafin a ci kwabo daga cikinta. Da yawa daga waɗanda suka yi asara a wannan hanya masu ƙwaƙwalwa ne. Abin da ya kayar da su shi ne sun fara da biyan kuɗi, suka bar bincike ya zo daga baya.

Mu a Arewa ba baƙi ba ne a harkar jirgin sama. Jiragen da suka fara zuwa Najeriya sun sauka a Kano, a watan Nuwamba na 1925, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar. Babbar makarantar koyon tuƙin jirgi ta ƙasar nan, wato NCAT, a Zariya take, kuma tun 1964 aka kafa ta. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano. Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ne na Katsina, Azman Air da Rano Air kuma na 'yan Kano ne. Hadi Sirika, wanda ya riƙe ma'aikatar sufurin jiragen sama daga 2015 zuwa 2023, shi kansa matuƙi ne. A jiharmu ta Neja akwai filin jirgi a Minna, ga kuma sansanin sojan sama a Kainji. Ƙofar tana nan kusa da mu, sai dai ƙunci gare ta, kuma da gangan aka ƙuntata ta.

Ku tambayi iyayenku labarin 4 ga Mayu, 2002, ranar da jirgi ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, aka rasa sama da mutum 100, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Ku tambaye su labarin 29 ga Oktoba, 2006, ranar da jirgi ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, aka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da mutane masu yawa. Wanda ya san irin waɗannan ranaku ba zai ga laifin hukuma ba don ta tsananta sharaɗi. Kowane sharaɗi da zan lissafa muku, rayukan mutane ake tsarewa da shi.

Abu na farko shi ne lafiyar jiki, kuma shi ya kamata ku fara dubawa tunda ya fi komai sauƙin kuɗi. Matuƙin da zai ɗauki fasinja sai ya sami takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta amince da shi. Za a auna ido da kunne, a ɗauki hoton bugun zuciya, a duba hawan jini da suga, a gwada jini da fitsari. Farfaɗiya tana hana mutum, haka ma ciwon sikila. Gilashin ido ba ya hanawa matuƙar yana gyara gani yadda ake buƙata. Amma akwai wani gwaji da ke kayar da samari ƙarfafa waɗanda ba su taɓa kwanciya a asibiti ba. Likita zai buɗe maka wani ɗan littafi, kowane shafi da da'ira cike da ɗige-ɗige masu launi, ja-ja da kore-kore da ruwan ƙasa, a tsakiyarsu an ɓoye lamba. Mai lafiyar ido zai ce 74 nan take. Wani kuwa zai zuba ido ya ce 21, ko ya ce shi bai ga komai ba. Da haka aka haife shi, ba ya bambance ja da kore sosai, kuma bai taɓa sani ba. An fi samun wannan a maza. Fitilun titin jirgi da na fikafikai da na allon tuƙi kuwa da launi suke magana. Kada a sayar da ko akuya ɗaya don karatunka sai ka wuce wannan shafin.

Kuma takardar lafiyar nan ba ta har abada ba ce. Duk shekara ake sabunta ta, idan shekaru suka ja kuma duk wata shida. Ana gwajin ƙwaya ba tare da sanarwa ba. Yaron da ya saba da tiramadol ko kodin ko wiwi a bayan makaranta, yana ganin wasa ne na ƙuruciya, ya sani yana rufe wa kansa wannan ƙofa tun kafin ya iso bakinta.

Abu na biyu takardar sakandare ce. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma dole a sami Turanci da lissafi da fiziks a cikinsu. Wannan yana nufin hukuncin yana faɗuwa ne tun ranar da kuka shiga aji huɗu aka raba ku tsakanin ajin kimiyya da na adabi. Ku shiga kimiyya, ku riƙe malamin fiziks hannu bibbiyu. Ina kuma gargaɗinku da kiredit ɗin da aka saya ko aka kwafa. Makarantar tuƙi tana da tata jarrabawar shiga da tata ganawar, bayan haka ga darussan ƙasa kafin a taɓa jirgi: yanayin sama, dokokin sararin samaniya, gano hanya, yadda inji yake aiki, lissafin nauyi da na mai. Matuƙi yana cikin tafiya yake lissafa man da ya rage da nisan da ya rage, yana saurarar rediyo, yana kallon allo. A can babu wanda zai miƙo maka amsa ta taga.

Abu na uku Turanci ne, na baki da na kunne. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa ƙwarewar Turanci mataki shida, kuma mafi ƙarancin abin da ake karɓa daga matuƙin da zai yi zirga-zirga tsakanin ƙasashe shi ne mataki na huɗu. Mai kula da hasumiya zai ba ka umarni cikin sauri, da lambobi a jere, a rediyo mai ƙara, kai kuma ka maimaita masa daidai ba ragi ba ƙari. Hatsarin jirgi mafi muni a tarihi, wanda ya faru a tsibirin Tenerife na Sifaniya a 1977, jirage biyu ne suka yi karo a ƙasa, a kan titi, cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar magana a rediyo yana cikin manyan dalilansa. Yaranmu da yawa suna iya rubuta Turanci amma kunya tana hana su furta shi. Ku cire wannan kunyar tun yanzu. Ku shiga muhawara a makaranta, ku saurari labarai, ku yi karatu da ƙarfi a gaban jama'a. Hausarku tana nan, ba abin da zai same ta.

Sai lasisi, wanda hawa-hawa ne. Ɗalibi yakan fara da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya tare da malami, har ranar da malamin zai sauka ya bar shi ya tashi shi kaɗai. Lasisin farko na tuƙin kai ne, ana ba wanda ya kai shekara 17 kuma ya yi aƙalla awa 40 a sama, amma ba a neman kuɗi da shi. Lasisin kasuwanci yana buƙatar shekara 18 da kimanin awa 200. Da shi ake haɗa shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu, da shaidar tuƙi da na'ura kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba, wadda duk wanda ya san hazon hunturu a Arewa ya san amfaninta. Babban lasisi, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, yana buƙatar shekara 21 da awa 1,500.

Duk waɗannan awanni a littafi guda ake tara su. Kowane matuƙi yana da littafinsa mai layi-layi: kwanan wata, samfurin jirgi, lambarsa, inda aka tashi, inda aka sauka, da rana ko da dare, tare da malami ko shi kaɗai, sannan jimilla a ƙasan shafi da sa hannu. Ranar neman aiki, kafin a dubi fuskarka wannan littafin za a buɗe, a tafi kai tsaye shafin ƙarshe. Kowane layi a cikinsa kuɗi ne aka ƙona, domin jirgin koyo da kayan gyaransa da inshorarsa duk da dala ake sayensu. Kuɗin cikakken kwas a Zariya ya haura naira miliyan 10 tun shekarun baya, na ƙasashen waje irin su Afirka ta Kudu da Amurka kuwa ya ninka haka. Ku tuna dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, amma a 2024 ta haura 1,500. Iyalin da suka yi lissafi da tsohon farashi, suka tura yaro waje, a tsakiyar karatu lissafin ya rushe musu. Rabin lasisi kuwa ba ya ɗaukar kowa aiki.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya ku natsu, domin nan ne ramin yake. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ranar da aka miƙa maka lasisin kasuwanci, ka iya tuƙa ƙaramin jirgi ne mai kujeru huɗu. Kamfani kuwa Boeing 737 yake da shi, ko Airbus A320, ko Embraer. Kowane samfuri yana da nasa horon daban, na makonni, galibinsa a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan a buga maka shaidarsa a lasisi. Wannan horo ba wuya ya haura dala 20,000 idan aka haɗa da tafiya da masauki. Wani kamfanin yakan biya maka, ya ɗaure ka da yarjejeniyar yi masa aiki na wasu shekaru. Wani kuwa cewa zai yi ka zo da shaidarka a hannu. Ko ka zo da ita, zai fi son wanda ya riga ya yi ɗaruruwan awanni a kan samfurin, domin masu inshora da masu ba da hayar jirage suna da nasu sharuɗɗan. Ku dubi tashar motar garinmu: yaron da ya karɓo lasisin tuƙi jiya, babu mai ba shi tirela cike da masara ya kai Legas, sai ya bi wani direba shekaru an ga hannunsa. Haka abin yake a sama, sai dai kujerar mai bin direba a can ɗaya ce tak, kuma masu layi a kanta suna da yawa.

Zaman jira ma ba kyauta ba ne. Lasisi yana da wa'adi, shaidar tuƙi da na'ura tana da wa'adi, takardar likita tana da wa'adi. Doka ta ce wanda bai yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 ba, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sabunta hannunsa. Mai zaman gida ba albashi yana ci gaba da biya don kada takardunsa su mutu.

Mun ga misalin wannan kusa da mu. A mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Shiri ne da ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan da iyayensu ba za su taɓa iya biya ba. Wasunsu sun sami shiga kamfanoni suna tashi. Amma da yawa sun dawo da lasisi suka yi shekaru ba su sami kujera ba, har jaridu suka yi ta ba da labarinsu. Ba iyawa suka rasa ba. Sun tsaya ne a wancan giɓi da ke tsakanin lasisi da aikin farko. Duk gwamnati ko attajirin da zai ɗauki nauyin yaro, ya koyi darasi daga nan: a kai shi har kujera, kada a sauke shi a bakin ƙofa.

Za ku ji ana cewa duniya tana ƙarancin matuƙa. Akwai gaskiya a ciki. Kamfanin Boeing yana hasashen za a buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekara 20. Amma wanda ake rububinsa shi ne kyaftin mai dubban awanni. Shi kamfanonin ƙasashen Larabawa irin su Emirates da Qatar Airways suke zawarci da albashin dala. Mai awa 200 kuwa ko'ina layi yake bi. A Amurka ma, bayan wani hatsari da ya faru kusa da birnin Buffalo a 2009, an kafa doka cewa ko mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai ya kai awa 1,500, in ban da rangwamen da aka yi wa wasu. Matasansu sukan tara awannin ne ta hanyar koyar da na bayansu.

Kasuwarmu ta gida kuma ƙarama ce, ga rashin tabbas. Nigeria Airways da aka kafa a 1958 ta daina tashi a 2003. Okada, Bellview, Sosoliso, Chanchangi, IRS, duk sun yi zamaninsu sun wuce. Arik Air ya koma hannun hukumar AMCON a 2017 saboda bashi. A 2020, lokacin korona, jirage suka zauna a ƙasa, aka sallami gomman matuƙa. Duk lokacin da kamfani ya durƙushe, ƙwararrun matuƙansa sukan shigo layin neman aiki a gaban sababbi. Idan kuma kamfani ya ɗauko hayar jirgi daga waje tare da matuƙansa, kamar yadda akan yi wani lokaci a jigilar alhazai, jirgi ya ƙaru amma kujerar ɗan gida ba ta ƙaru ba. Duk da haka kasuwar tana juyawa. Air Peace da ya fara tashi a 2014 ya kai ga zuwa Landan a 2024, sababbin kamfanoni kuma suna fitowa. Idan ta juya, wanda takardunsa suke raye shi ake kira.

To, mece ce dabara? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku jera abubuwan bisa tsari: likita da fari, sannan sakamakon jarrabawa, sannan Turanci, sannan lissafin kuɗi. Lissafin kuma ya zama cikakke: kuɗin makaranta, abinci da masauki, horon samfuri, da abin da zai riƙe takardu shekara ɗaya ko biyu na jira. Ku zauna da iyayenku ku nuna musu jimillar duka, kada ku ɓoye rabi don gudun kada su ce a'a. Gonar gado da garken gida haƙƙin ƙannenka ma yana ciki. Idan makarantar waje za ka je, ka tabbatar hukumar ƙasar ta amince da ita, ka kuma sani sai NCAA ta sauya maka lasisin kafin ka yi aiki da shi a nan. Kada a biya kuɗin kwas gaba ɗaya a dunƙule, a riƙa biya mataki-mataki. Duk wanda ya ce ku tura kuɗi asusunsa zai samo muku gurbi ko aiki, ku guje shi. A gida, baya ga Zariya, akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi a Ilori da gwamnatin Kwara ta kafa.

Wanda gidansu ba hali yana da wata hanyar, ita ce ta soja. Ana shiga makarantar horon hafsoshi ta NDA a Kaduna ta jarrabawa, gwamnati ce take ɗaukar nauyin horo, kuma rundunar sojan sama tana da makarantun tuƙi a Kaduna da Kano. Jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da suka iso a 2021 a Kainji aka ajiye su. Amma mu da muke zaune da bariki a garinmu mun san abin da kaki yake nufi. Soja ne kai kafin ka zama matuƙi, ba duk wanda ya shiga rundunar ake zaɓa ya tuƙa jirgi ba, kuma inda aka tura ka nan za ka je. Wanda zai shiga ya shiga da niyyar bautar ƙasa. Ku riƙa sa ido kuma a kan tallafin karatu na gwamnatoci da shirin ɗaukar ɗalibai da wasu kamfanoni sukan buɗe lokaci-lokaci, har da masu jirage masu saukar ungulu da ke yi wa kamfanonin mai aiki a kudu.

Ina kuma ba ku shawara kowa ya riƙe wata sana'a a hannu. Ciwo ɗaya yana iya raba matuƙi da lasisinsa yana da shekara 40. Digirin injiniya daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ba zai hana ka tuƙi ba, zai ma sauƙaƙa maka darussan. A cikin harkar kanta akwai ayyuka masu mutunci da ba su kai tuƙi tsada ba, kuma Zariya tana koyar da su: injiniyan gyaran jirgi, wanda sai ya sa hannu jirgi yake tashi, da mai kula da zirga-zirga a hasumiya, da mai tsara tafiyar jirgi daga ƙasa. Wanda gwajin likita ya tsayar, ya bincika wanne daga cikin ayyukan filin jirgi ne lafiyarsa ta dace da shi.

'Yan matanmu, maganar nan har da ku. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta koya, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. A 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar sojan samanmu. Sharuɗɗan iri ɗaya ne ga kowa, kuma wadda ta cika su ta cancanci iyayenta su saurare ta.

Saura hali, wanda babu takardar da take nuna shi amma shi yake riƙe mutum a aikin. Matuƙi ɗalibi ne har ya yi ritaya yana da shekara 65. Duk wata shida za a mai da shi na'urar kwaikwayo a kashe masa inji, a kunna masa gobara, a ga yadda zai yi. Zai yi Sallah a wani gari, ya yi sahur a otal, a yi suna da biki ba shi. Sai mai gaskiya, wanda idan bai yi barci ba zai ce bai yi ba, idan ya yi kuskure zai rubuta shi da hannunsa. Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyarmu. An koya mana kada yaro ya katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin tuƙi, idan mataimaki ya ga kyaftin zai sauka ba daidai ba, wajibi ne ya faɗa, a fili, a kan lokaci, ko da kyaftin ɗin ya yi sa'ar mahaifinsa. Ladabi yana cikin yadda za ka faɗa. Yin shiru a wannan wuri cin amanar mutanen da ke zaune a bayanka ne.

Ina roƙon attajiranmu da wakilanmu da gwamnatin jihar Neja, idan za su ɗauki nauyin yaranmu a wannan fanni, gara su ɗauki biyar su kai su har aiki da su ɗauki hamsin su bar su a hanya. A zaɓe su da jarrabawa da gwajin likita, ba da sanayya ba.

Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, kada tsadar hanya ta sa ku jefar da burinku, kada kuma zumuɗi ya sa ku jefa iyayenku cikin bashi. Abin da yake hannunku yau ba ya buƙatar miliyan: ku je a duba idonku da jininku, ku gyara lissafi da fiziks, ku saki bakinku da Turanci, ku nisanci ƙwaya, ku nemi albarkar iyaye. Ku fara da waɗannan tun wannan zangon karatu. Allah Ya yi muku jagora, Ya zaɓa muku abin da ya fi alheri.